Darasi na 14: Rarraba Gaɓa da Furucin Kalmomin Italiyanci

Duk wanda ya iya karanta Hausar boko ya riga ya gama rabin aikin karanta Italiyanci, ko da bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Wanda ya zo ta hanyar Ingilishi shi ne yake shan wahala, domin sai ya kwance wasu ɗabi'u kafin bakinsa ya daidaita. Saboda haka dokar wannan darasi guda ɗaya ce: idan kuka ga kalmar Italiyanci, ku karanta ta da idon Hausa, kada ku karanta ta da idon Ingilishi.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Bebeji ko Kiru da harshen Italiya? Ai sunayensu sun daɗe da shigowa ƙasar nan. Kamfanonin Italiya ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968, da ta Bakolori kusa da Talata Mafara da aka gama a 1978. Dattawan cikinku sun hau Vespa, sun ga manyan motocin Fiat da ake haɗawa a Kano a da, sun sha mai a gidan man Agip. Wasu kekunan adaidaita sahu suna ɗauke da sunan Piaggio. Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a masana'antun Kano, da yawa daga cikinsu Italiya ake kai su, a yi takalma da jakunkuna. Samari a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada da Kwanar Dangora ba sa rabuwa da ambaton Napoli tun da Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 ya taimaka mata ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasar a 2023, ko Atalanta tun da Ademola Lookman ya zura uku a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2024. Akwai kuma gidajen da ke da ɗa ko ƙane a can, yana aiko da adireshi ko hoton takarda ta waya, a rasa wanda zai karanta sunan garin daidai. Waɗannan gidaje su ne suka fi damuna, kuma saboda su aka sa wannan babi.

Wasula: inda muka yi sa'a

Haruffan Italiyanci 21 ne. Ba su da j, k, w, x, y sai a baƙin kalmomi da wasu sunaye. Wasulan da suke rubutawa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma suna karanta su kamar yadda muke karanta namu. Wannan ba dace ba ne kawai. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta shimfiɗa ƙa'idar rubuta sunayen wuraren da ba a Turai suke ba, ta ce a ɗauki baƙaƙe kamar na Ingilishi, wasula kuma kamar na Italiyanci. A kan irin wannan tafarki aka ɗora bokon Hausa a zamanin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Ashe wasulan da kuka koya a ajin yaƙi da jahilci, da na mutumin Roma, tushensu ɗaya.

A Ingilishi harafin e na ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta shi. A Italiyanci ana furta shi sarai. Sunan kocin nan Conte gaɓa biyu ne, Con-te. Garin Firenze gaɓa uku ne, Udine ma uku. Kalmar dare, notte, ba ta tsayawa a kan t, sai ta sauka a kan e. Yawancin kalmominsu da wasali suke ƙarewa, kamar yadda yawancin namu suke, don haka bakin Bahaushe ba ya jin baƙunta a nan.

Suna da e iri biyu da o iri biyu, buɗaɗɗe da tsukakke, amma su kansu mutanen arewacin ƙasar da na kudanci ba su daidaita a kai ba. Ku bar wannan tukuna, ba zai hana a fahimce ku ba.

Tuna baya: gaɓar Hausa

Wanda ya yi makarantar allo ya san cewa bayan babbaƙu da farfaru ba a afka wa kalma gaba ɗaya, sai an bi ta guntu-guntu. Wannan guntun shi ne gaɓa. A Hausa iri uku ce, kuma sunayen garuruwanmu sun ishe mu misali. Akwai baƙi da wasali: Be-be-ji, Ki-ru, Ti-ga, Do-gu-wa. Akwai baƙi da tagwan wasali, kamar tsakiyar Ba-gau-da da ƙarshen Ri-ru-wai. Akwai baƙi da wasali da baƙi, kamar farkon Fal-go-re da ƙarshen Tu-dun. Ba mu da gaɓar da ta fara da baƙi biyu a jere. Shi ya sa idan baƙuwar kalma ta zo da cunkoson baƙaƙe muke cusa mata wasali mu ce burodi, fulawa, direba, firamare. Ku riƙe wannan, domin nan ne za mu yi gumi nan gaba kaɗan.

Inda ƙa'idarsu ta zo ɗaya da tamu

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin da ke gabansa: Ro-ma, Mi-la-no, ca-sa (gida), a-mi-co (aboki), po-mo-do-ro (tumatir). Wasalin farkon kalma yakan tsaya shi kaɗai, kamar a-mi-co ɗin nan da o-ra (sa'a).

Idan l, m, n ko r ya zo kafin wani baƙi, sai a raba su, na farko ya rufe gaɓar baya: al-to (dogo), cam-po (gona ko fili), por-ta (ƙofa), Ber-ga-mo, A-ta-lan-ta. Haka muke yi a sar-ki, gan-ga, tam-ba-ya.

Haruffa biyu masu ba da sauti ɗaya ba a raba su. Mu ba ma rubuta tas-ha, sai ta-sha, domin sh sauti ɗaya ne. Su ma ba sa raba ch, gh, gn, da gl ko sc idan sauti ɗaya suke bayarwa: Bo-lo-gna, Ca-glia-ri, pe-sce (kifi).

Shadda

Nan ne Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila ko Bafaranshe nesa ba kusa ba. Su idan suka ga baƙi biyu iri ɗaya, guda ɗaya suke furtawa. Mu kuwa tun muna yara mun san baba daban, babba daban. Mana daban, manna daban. Wanda ya yi karatun Alƙur'ani ya san abin da sunan shadda. Italiyanci cike yake da shadda, kuma tana sauya ma'ana kamar yadda take yi a Hausa. Nono na tara ne, nonno kaka namiji. Sete ƙishirwa, sette bakwai. Casa gida, cassa akwati ko wurin biyan kuɗi a kanti. Pala shebur, palla ƙwallo. Capello gashin kai, cappello hula. Caro mai tsada, carro amalanke.

Wajen rarrabawa, tagwayen baƙaƙen nan kullum raba su ake yi, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: non-no, set-te, so-rel-la ('yar'uwa), Bag-gio. Haɗuwar c da q ma haka take: ac-qua (ruwa).

Yanzu ku saurari bakinku da kyau. Ku ce baba, ku ce babba. A ta farko wasalin ba yana da tsawo, a ta biyu ya gajarce, domin a Hausa dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. To daidai wannan ne yake faruwa a Italiyanci. A casa ana jan ca ɗin, a cassa ana datse shi a danna s. A nono ana jan no na farko, a nonno ana datse shi. Masu koyo daga wasu ƙasashe sukan shafe watanni suna neman wannan bambanci, ku kuwa da shi aka yaye ku. Kada ku yi sakaci da shi don kun ji mai sharhin ƙwallo da Ingilishi yana zubar da shadda a sunan Ancelotti ko Buffon. Shi ne ya kauce, ba ku ba.

Inda muka rabu

Abu na farko: idan baƙi, ban da l, m, n da r, ya zo kafin l ko r, ba a raba su, tare suke tafiya gaɓar gaba: li-bro (littafi), pa-dre (uba), a-pri-le, So-lo-fra, wanda gari ne na majema a kudancin ƙasar. Bakin Bahaushe zai so ya ce lib-ro ko li-bu-ro. Maganinsa shi ne ku fara da wasalin nan da kuka saba cusawa, ku ce te-re, sannan ku riƙa gajarta e na farko har ya ɓace, ya zama tre (uku). Haka za ku yi da gi-ra zuwa gra, da fi-ra zuwa fra.

Abu na biyu: s da ya zo kafin wani baƙi, a rubuce, yana bin gaɓar gaba: pa-sta, Ve-spa, que-sto (wannan), fi-ne-stra (taga). Mu kas-ko da fus-ka muke rarrabawa. Amma ku kwantar da hankalinku, wannan ƙa'idar rubutu ce, ta inda za a yanke kalma idan layi ya ƙare. A baki, masana furuci da yawa suna ganin mutanen Italiya su ma pas-ta suke faɗa. Wahalar tana farkon kalma ne, a irin scuola (makaranta), stazione (tasha), strada (hanya), inda za ku ji kuna son cewa su-kola ko is-kola. Ga dabara: ku ce iska sau uku, sannan ku jefar da i ɗin ku bar ska. Ku ce Mustafa, ku jefar da Mu ku bar sta. Abin yana bakinku tun tuni, matsayinsa kawai zai sauya.

Abu na uku shi ne haɗuwar wasula. Tagwan ai da au mun san su, ga su a mai (har abada) da au-to (mota). Idan i ko u marar nauyin murya (za mu yi bayaninsa nan gaba) ya zo kafin wani wasali, yana zama kamar y ko w, su yi gaɓa ɗaya: pie-de (ƙafa) ana cewa pye-de, uo-mo (mutum) ana cewa wo-mo, scuo-la ana cewa skwo-la. Sunan ƙasar ma da bakinsu gaɓa uku ne, I-ta-lia, mu ne muke ƙara ta huɗu. Amma a wasu kalmomin kowane wasali yana cin gashin kansa: pa-e-se (ƙasa ko ƙauye), vi-a (titi), far-ma-ci-a (kantin magani), po-li-zi-a ('yan sanda). A nan Bahaushe zai so ya sa hamza kamar a sa'a ko jami'a. Babu hamza a Italiyanci. Ku zarce daga wasali zuwa wasali ba tare da datse numfashi ba. Ko tsakanin kalmomi ma haka ne: un amico ana faɗarsa kamar kalma ɗaya, u-na-mi-co.

C da G

Waɗannan haruffa biyu kowannensu yana da murya biyu, kuma wasalin da ke biye ne yake zaɓa masa. C kafin e ko i ita ce c ɗinmu ta ci da ce: cena (abincin dare), Man-ci-ni, An-ce-lot-ti, Lec-ce, mai shadda irin ta caccaka. Kafin a, o, u kuwa k ce: casa ana cewa kasa, Conte ana cewa Konte. Idan suna son k kafin e ko i sai su saka h a tsakani. Saboda haka ch a Italiyanci k ce, ba c ba: Chiesa ana cewa Kye-za, Chiellini ana cewa Kyel-li-ni, irin ky ɗinmu na kyau. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi a gidajen kallo, kuma daga Ingilishi ya zo. Mutumin Italiya da ya ga an rubuta Bauchi, Bauki zai karanta.

Idan kuma suna son c ɗinmu kafin a, o, u, sai su saka i wanda ba a furtawa, alama ce kawai: ciao ana cewa cau, calcio (ƙwallon ƙafa) ana cewa kal-co.

G ma haka take bi. Kafin a, o, u g ce. Kafin e ko i j ce: Genova ana cewa Je-no-va. Gh g ce: spa-ghet-ti, In-za-ghi. Gi kafin wani wasali j ce kawai: giorno (yini) ana cewa jor-no, Piaggio ana cewa Pyaj-jo. Masu shekaru a cikinku ba su manta da Roberto Baggio ba, wanda ya ci Najeriya ƙwallo biyu ya fitar da ita daga gasar cin kofin duniya a Amurka a 1994. Sunansa Baj-jo ne, da shadda irin ta hajji.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ita ce ku juya abin. Da mutumin Italiya ne zai rubuta sunayenmu da ƙa'idarsa, Kano zai zama Cano, Kiru ya zama Chiru, Bebeji ya zama Bebegi, Tiga kuwa ya zauna yadda yake.

Sauran baƙaƙe

Gn shi ne ny na hanya da kunya: Bologna ana cewa Bo-lo-nya, signore (malam) ana cewa si-nyo-re. Gli kusan ly ne, kamar ƙarshen kwalliya idan aka faɗe ta da sauri: famiglia (iyali), figlio (ɗa). Sc kafin e ko i sh ne: pesce ana cewa pe-she, uscita (mafita) ana cewa u-shi-ta, Brescia ana cewa Bre-sha, in ba haka ba sk ne. Qu kw ne na kwana: cinque (biyar) ana cewa cin-kwe. Z a yawancin kalmomi t da s ne a haɗe, kusa da ts ɗinmu amma ba tare da matse maƙogwaro ba: pizza, Lazio, grazie (na gode), a wasu kuma d da z ne, kamar zero. H ba a furta ta sam, shi ya sa hanno (suna da) da anno (shekara) ba su da bambanci a kunne. R kaɗa harshe ake yi, irin ta biyar da arba'in, ba irin ta ruwa ba. J ɗin Juventus y ce, Yu-ven-tus.

P da v su ne ba mu da su, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai an dage. Mukan mayar da p ta zama f, v ta zama b. Wajen p leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan su buɗe. Wajen f da v haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, v tana da murya, f ba ta da ita. Ku yi ta maimaita kalmomin nan uku har kunnen abokin zamanku ya rarrabe su: basta (ya isa), pasta (taliya), vasta (mai faɗi).

Nauyin murya

Hausa tana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. Italiyanci ba haka yake ba. A kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake ɗora wa nauyi, a ɗan ƙarfafa ta a ɗan ja ta, sauran su bi a sassauce. A nan za mu rubuta ta da manyan haruffa. A mafi yawan kalmomi gaɓar kusa da ƙarshe ce: Mi-LA-no, To-RI-no, Pa-LER-mo, Lam-pe-DU-sa, o-spe-DA-le (asibiti), a-IU-to (taimako), que-STU-ra (babban ofishin 'yan sanda, inda baƙi suke neman takardar zama). Idan kuka rasa tabbas, ku ɗora a nan, galibi za ku dace.

Akwai waɗanda nauyinsu yake kan gaɓa ta uku daga ƙarshe, kuma babu wata alama a rubuce, sai dai a haddace. Sunayen garuruwa da dama suna cikinsu: NA-po-li, GE-no-va, BER-ga-mo, PA-do-va, U-di-ne, CA-glia-ri, haka ma ME-di-co (likita) da SA-ba-to (Asabar). Idan nauyin yana kan gaɓar ƙarshe, dole su sa ɗan karan alama a kan wasalin: città (birni), caffè, lunedì (Litinin). Alamar nan ba ado ba ce. PA-pa Fafaroma ne, pa-PÀ kuwa baba. Duk wanda zai kwafi adireshi ko suna daga takarda, ya kwafe ta tare da alamarta.

Aikin yi

Ƙirga daga ɗaya zuwa goma ya tattara kusan duk abin da muka faɗa. Malami ya rubuta a allo, aji ya bi shi da babbar murya, ana tafa hannu sau ɗaya a kowace gaɓa: u-no, du-e, tre, quat-tro, cin-que, sei, set-te, ot-to, no-ve, die-ci. Ku lura da quat-tro, inda aka raba shadda amma aka bar tr a haɗe.

Sannan kowa ya rarraba waɗannan a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin gaɓa mai nauyi: buongiorno (ina kwana), arrivederci (sai an jima), fratello (ɗan'uwa), lavoro (aiki), Sicilia, Arzignano, permesso di soggiorno (takardar izinin zama). Bayan haka ya rubuta kalmomin nan na Hausa da ƙa'idar Italiyanci: tasha, jaki, gero, kifi, cokali.

Wanda yake da ɗan'uwa a Italiya ya kawo sunan garin da yake da sunan titinsa a zama na gaba, a rarraba su a allo tare. Kada malami ya wuce zuwa darasi na 15 sai kowane ɗalibi ya ƙirga ɗaya zuwa goma shi kaɗai, an ji t biyu a sette da otto, an kuma ji v a nove.